Maraƙi Mai Ƙofa Biyu

Duk wanda ya taɓa leƙa harabar gidan Garzali a Wudil ranar Asabar, ƙafafunsa ya fara sani kafin fuskarsa. Ƙafafu ne dogaye, ɗaya da jan silifa ɗaya da shuɗi, suna leƙowa daga ƙarƙashin wata mota mai ƙofa biyu da aka ɗora a kan bulo. Sauran jikin yana can ciki yana rarrashin ƙarfe. In ka yi sallama, ƙafar dama ce take amsawa. In ka ga ta hagu tana motsi, to sifana ake nema, sai ka duba kusa da kai ka miƙa.

Ba bakanike ba ne, kuma kada ka kuskura ka kira shi haka a gabansa. Ma'aikaci ne a sakatariya, magidanci mai 'ya'ya, har furfura ta fara yi masa sallama a gemu. Motar a hannun wani malamin jami'a da zai bar gari ya saye ta, kuma ba da ƙafarta ta zo gidan ba, akori-kurar ƙanensa Haladu ce ta jawo ta da igiya. Daga ranar Garzali ya shiga abin da yake kira gyara, wanda matarsa Mas'uda take kira lalurar Baban Hanifa.

Da yanke sifirin ya fara, don motar ta kwanta a ƙasa irin na tsere da yake kallo a waya. Ta kwanta kuwa, har kazar gidan da ta saba shan inuwa a ƙarƙashinta ta zo ta duba, ta juya ta yi tafiyarta. Ya cire kujerun baya, ya ce nauyin banza ne. Ya cire mariƙan ƙofa na waje ya shafe gurbinsu sumul, ya ce iska suke tarewa, saboda haka shi kansa sai ya zura hannu ta taga yake buɗewa. Ya samo guntun bututun rijiyar burtsatse ya kai wa mai walda ya zama salansa, kuma ranar da ya gwada ta, liman ya aiko a tambaya ko lafiya. Ya fente ta ja wur, ya ja mata baƙin layi daga hanci har wutsiya. Daga ƙarshe ya yanka murfin tsohon firiji ya kafa mata a baya, ya ce fiffike ne, shi zai danne ta a kan titi idan gudu ya yi gudu. Gudun bai zo ba tukuna, amma Mas'uda ta gano babu wurin shanya taliya irinsa a duk gidan.

Sunan da ya raɗa mata Walƙiya. 'Yan unguwa suka raɗa mata Kwaɗo, kuma ba sai na gaya maka wanda ya bi ta ba.

Mutane sun ɗauka samarin gari yake so ya burge. Ba su fahimce shi ba ko kaɗan. Mutum ɗaya tak Garzali yake so ya burge a duniyar nan, kuma tana can ƙauyensu Kausani tana tatsar saniya. Ita ce mahaifiyarsa, Inna Yelwa.

Garzali ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan zamanin da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In yana nesa "wancan" ne, in yana kusa sai ta juya ta gaya wa Haladu abin da take so ya ji, ko da kuwa shi Garzalin yana durƙushe a gabanta. Yabo kuwa ba a ma maganarsa. Yana yaro ya iya ƙera motar kara, da taya da sitiyari da komai, ya turo ta har bakin murhu ya ce, "Inna, shigo in kai ki Kano." Inna ba ta ɗaga kai. Wata rana da ruwa ya jiƙa itace, da babbar tirelarsa ta hura wuta, aka ci tuwo aka ƙoshi.

Abin da yake ƙona masa rai shi ne akori-kurar Haladu. Mota ce da ƙofarta take ɗaure da waya, amma duk ranar kasuwa Inna za ta hakimce a gaba da ƙwaryar nono a cinya, ta sauka tana shi wa Haladu albarka da sunansa ɓaro-ɓaro. Da labarin Walƙiya ya kai mata, Haladu ta tambaya, alhali mai motar yana zaune a wurin.

"Buhu nawa take ɗauka?"

"Ba ta ɗaukar buhu, Inna."

"Akuya fa?"

"Sai dai in ƙarama ce, kuma ta yarda ta zauna a kujera."

"To ta mece ce?"

Haladu ya kalli yayansa. Inna ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da tankaɗe.

A ranar Garzali ya ƙudurta a ransa cewa ko sau ɗaya ne, sai Inna ta zauna a kujerar da ke kusa da direba, shi kuma yana riƙe da sitiyari. Ba yabo yake nema ba, ya san wannan ya fi ƙarfin kowace mota. Ta dai shiga. Don haka duk gyaran da ya yi, kujerar nan ya bari ta zama ta ƙarshe, yana neman abin da zai lulluɓe ta da shi wanda babu irinsa ko a Kano.

Ya same shi wata rana cikin bazara, da ya je gaida Inna a kan babur ya tarar ta shiga maƙwabta suna. A bayan rumbu ya ga fatar maraƙi an baje ta a ƙasa, an kafe gefunanta da 'yan itatuwa tana shan rana, ja da fari, gashinta luf-luf. Ɗan Kyalla ne, saniyar Inna guda ɗaya da mahaifinsu ya bari. Ciki ne ya kumbure masa, aka yi saurin yanka shi kafin rai ya fita. Garzali ya tsuguna ya shafa fatar, nan take ya hango Inna zaune a kanta, iska tana kaɗa mata mayafi. Ya naɗe ta ya ɗaure a bayan babur da niyyar zai faɗa in sun haɗu. A hanya kuma ya ga gara ya yi shiru, ta gani da idonta kawai.

Da ya kai fatar wurin Labaran baduku, mutumin ya juya ta, ya shinshina, ya kawar da kai.

"Injiniya, wannan ai ɗanya ce. Sai an jeme ta, ta sha bagaruwa ta ƙoshi."

"Gashin fa?"

"Gashi zai tafi."

"Ai gashin shi ne adon. Ka kankare ta kawai, ka zuba mata gishiri, ka ɗinka mini."

"Za ta yi wari fa."

"Motar tsere ce, Malam Labaran. Wari ba zai iya cim mata ba."

Kujera ta yi kyau, wannan ko maƙiyi zai shaida. Amma da rana ta buɗe, sai motar ta cika da wani irin ƙarni da ya sa Mas'uda ta kwashe taliyarta daga kan fiffike ba tare da an roƙe ta ba, abin da ya gagari Garzali tun tuni. Ƙudajen unguwa suka yi ƙaura zuwa harabar gidan. Ya rataya turaren mota, bai yi ba. Mas'uda ta ba shi kaskon turaren wuta ya rufe a ciki. Da aka buɗe, sai motar ta koma warin maraƙin da ya shirya zai je gidan biki.

Abin da Garzali bai sani ba shi ne, ba don ado Inna ta shanya fatar ba. Ta koya a wurin Fulanin da suke sauka a bayan gari cewa saniyar da ta rasa ɗa takan riƙe nononta, sai an cusa wa fatar ɗan busasshiyar ciyawa an tsayar mata a gaba, ta shinshina, ta lasa, sannan ta sake. Da Inna ta dawo daga suna ta tarar da 'yan itatuwa babu fata, karnukan gari ta ɗora wa laifi. Ta tsine musu ɗaya bayan ɗaya, har da wani gurgu da ko ƙashi ba ya iya ja.

Kyalla kuwa ta ɗauke nono ƙaf. Ta daina cin dusa, ta daina kallon harawa, sai dai ta tsaya a turke tana kuka tana duban bayan rumbu. Ƙwaryar Inna ta bushe, masu fura da suka saba zuwa suka koma wani gidan. Haladu ya faɗa wa yayansa a waya cewa Inna ta rame tare da saniyar. Garzali ya yi jaje sosai, har ya aika da maganin tsutsa, bai taɓa kawo wa ransa cewa maganin gaske yana cikin motarsa yana shan turaren wuta ba.

A tsakanin nan ne ƙungiyar masu gyaran motoci da yake ciki ta waya suka sa ranar haɗuwa a Kano, ranar Lahadi, kowa ya zo da abin da ya ƙera. Garzali ya tsara abinsa tsaf. Juma'a zai je Kausani ya ɗauki Inna ya zaga gari da ita, Lahadi kuma ya shiga Kano ya nuna wa yaran birni cewa a Wudil ma an san sifana.

Ranar Juma'a bayan la'asar Mas'uda ta fito masa da wasu dogayen katakai biyu.

"Baban Hanifa, tafi da waɗannan."

"Na mene ne?"

"Na tsallake kwalbati. Kuma in Inna ta ce ba ta shiga, don Allah kada ka ga laifinta. Ni ma da nake son ka, hanci nake toshewa."

Aka tura Walƙiya ta tashi, don babban batir ɗin ma ya cire shi saboda nauyi, ya sa ƙarami. Ya fita titi kasuwa tana ci. A kowane tudun rage gudu sai ya karkace, ya hau da taya ɗaya-ɗaya yana salati, tumbin motar yana gurzar ƙasa. Masu tallar soyayyen kifi da suka saba bin mota da gudu, yau a natse suke tafe kusa da tagarsa, har aka yi ciniki, aka naɗe wa Inna kifi a takarda, aka yi sallama, bai taka birki ba. Da ya sauka daga kwalta kuwa, katakan Mas'uda sun fi injin aiki.

Ya isa ƙofar gidan Inna rana ta yi sanyi. Bai kashe motar ba, don in ta mutu sai an tara jama'a. Ya fito ya gyara hula, ya zaga ya zura hannu ya buɗe ƙofar kujerar Inna, ya wangale ta. Sannan ya yi sallama ya shiga ya durƙusa, aka gaisa ta hannun Haladu, aka tambayi yara, aka tambayi Mas'uda, aka tambayi zafi da hanya.

"Inna, na kawo motar."

"Haladu, gaya wa yayanka mun ji. Har mutanen garin Darki ma sun ji."

"Ko za ki fito ki sa mata albarka, mu ɗan zaga..."

"Haladu, gaya masa ina da marar lafiya a gida."

Ya fito ya tsaya kusa da buɗaɗɗiyar ƙofar. Duk Asabar ɗin da ya yi kwance a ƙarƙashin motar nan suka taru suka faɗo masa a rai. Ga gemu, ga furfura, amma ji ya yi ya koma yaron nan mai turo kara bakin murhu. Yana cikin haka ya ji igiya ta tsinke, danga ta yi ƙara. Kyalla ce, saniyar da aka ce ko tsayuwa da ƙyar take yi, ta keto dangar kara da ƙaho, hanci a sama. Ta bi ta gefensa ko kallo bai ishe ta ba, ta zura kai ta ƙofar da aka buɗe wa Inna, ta shinshina kujerar, ta yi wani siririn kuka. Sai ta fara lasa.

"Ke! Ke! Haladu, zo ka kama ta! Fentina!"

Ƙahonta ya riga ya ja wa motar layi na biyu, wanda ba ya cikin tsari. Haladu ya fito da gudu, amma bai kama ta ba, ƙasa yake nunawa. Nono ne yake ɗiga daga hantsar Kyalla, ɗis-ɗis, yana jiƙa turɓaya. Ya ƙwala wa Inna kira. Inna mai ciwon gwiwa ta fito da ƙwarya da saurin da an daɗe ba a ga ta yi ba, ta tsuguna a gefen Walƙiya ta shiga tatsa. Inji yana gurnani, saniya tana lasa, ƙwarya tana cika har da kumfa. Sai da ta gama ta miƙe, ta leƙa cikin motar, ta daɗe tana kallon kujerar nan ja da fari.

"Haladu."

"Na'am, Inna."

"Gobe ka zaga gari ka nema mini gafarar karnuka. Ka fara da gurgun."

Garzali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa a nan waje ya ba da haƙuri, Haladu ya isar, Inna ta ce a gaya masa ya wuce. Amma da ya shiga mota zai koma Wudil, Kyalla ta zaga ta tsaya a gaba, ta kafe ƙafafu. Ya danna hon, ta lashi fitila. Dole ya kwana a Kausani. Da ya kira Mas'uda ya yi mata bayani, bai ji amsa ba, sai ƙarar waya ta faɗi ƙasa da dariya daga nesa.

Washegari da safe ya kwance kujerar ya kai ta gindin turke ya jingina, ya ce ga ɗanta nan, kowa ya huta. Kyalla ta shinshina kujerar, ta zaga ta, ta dube ta sama da ƙasa. Abu ne mai sanyi, ba ya numfashi, ba ya gurnani. Ta bar ta nan ta fita wurin motar, ta leƙa ta ga rami, ta saki kukan da ya tashi tantabarun unguwa. Inna ta matsa hantsa, ko ɗigo.

"Haladu, gaya masa ya mayar wa yaro da fatarsa."

Garzali ya waiwaya yana neman yaron. Ashe motar ake nufi. Aka mayar da kujera, aka tura, inji ya ɗauka, jikin motar ya yi ɗumi, nono ya zubo. Haladu ya dafa kafaɗar yayansa cikin tausayi.

"Yaya, ina jin ta ɗauka ɗan nata ne ya girma."

"Ya girma ya yi taya?"

"Uwa ba ta duba wannan, Yaya."

Yinin Asabar ɗin nan Kyalla ta karɓi motar gaba ɗaya. Ta lashe murfin inji, ta lashe baƙin layin har ya fara komawa toka-toka, ta cinye turaren da ya rataya a madubi. Duk wanda ya matso sai ta sunkuyar da ƙaho. Shi kansa mai motar da ya ɗaga ta da jak ya shiga ƙarƙashi don ya duba abin da hanya ta gurje, sai ya ji harshe mai kaushi a tafin ƙafarsa, ya zabura ya buga goshi da salansa. Amma a ranar Kyalla ta ci dusa, ta sha ruwa, ta kwanta a inuwar fiffike tana tuƙa. Inna ma ta ci kifinta, har aka ji tana waƙa ƙasa-ƙasa wajen kaɗa nono. Motar dai Inna ba ta shige ta ba, ko maganar ba ta yi.

Da yamma Garzali ya ja Haladu gefe.

"Gobe zan shiga Kano. Kafin magariba na dawo."

"Tatsar safe fa?"

"Sau ɗaya ne, Haladu. Shekara da shekaru ina wannan aikin. Inna ta ƙi ta, to a bar ni in kai ta inda za a kalle ta a san mota ce, ba maraƙi ba."

Haladu bai yi musu ba. Ya samo sabuwar igiya ya ɗaure Kyalla a turke, ya yi ƙulli a kan ƙulli.

Lahadi bayan an dawo daga masallaci, gari ya fara haske, Garzali ya lallaɓa. Bai nemi masu turi ba, don kada ƙara ta tona shi. Ya cire giya, ya zura hannu ta taga ya riƙe sitiyari, ya sa kafaɗa yana turawa a hankali. Yashi ne a layin, motar ta yi masa nauyi duk da kujeru da batir da mariƙan da ya cire. Yana haki yana turawa, sai ya ji ta yi sauƙi. Ta ƙara sauƙi. Har ya fara yaba wa kansa, yana cewa ashe furfurar a gemu kawai ta tsaya. Da ya waiwaya, Kyalla ce a baya, ta sa goshi a ƙarƙashin fiffike tana tunkuɗa ɗanta yadda shanu suke yi. Ƙullin Haladu bai kwance ba, turken ne ya biyo ta.

Suka kawo gangaren bakin gari. Garzali ya faɗa ciki, ya sa giya ya saki kuloci, Walƙiya ta yi tari ta ɗauka. Ga hanya a miƙe, babu kowa, babu tudu. Ya taka, kuma karo na farko tunda ya saye ta, motar ta yi abin da aka ƙera ta dominsa. Ta zabura, kujera ta rungume shi, iska ta fizge masa hula ta jefa a gurbin kujerun baya. Wallahi daɗin da ya ji ba ƙarami ba ne, kada a rage masa.

Sai ya kalli madubi. Kyalla tana biye da gudu, hantsa tana lilo, turke yana tsalle a bayanta, tana irin kukan nan na bayan rumbu. Can bayanta a bakin layi, Inna ce tsaye da ƙwarya. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira ba. Da wane suna za ta kira shi? Tsayawa kawai ta yi tana ƙanƙancewa a cikin madubin.

Ya taka birki.

Komawa da baya ba ta yiwuwa, don giyar baya tana cikin abubuwan da ya ce motar tsere ba ta buƙata, bai taɓa gyara ta ba. Saboda haka ya zauna ya jira. Kyalla ta iso tana huci, ta zura baki ta taga ta lashi kujera. Can sai ga Inna tana ɗingishi. Ba ta dube shi ba. Ta tsuguna ta tatse saniyarta a tsakiyar hanya, ta rufe ƙwarya da faifai, ta kwance turken daga igiya ta jefar gefe. Wayarsa tana ta ruri a aljihu, mutanen Kano ne suna tambaya ko ya taso.

Babu Haladu a wurin, babu wanda za a ba saƙo. Garzali ya ga Inna ta duba hagu, ta duba dama, sannan ta tsayar da ido a kan saniyar.

"Kyalla, tunda kin fito, ai sai mu wuce fadama ki ci ɗanyar ciyawa. Rabonki da ita tun ɗanki yana da ƙafa." Ta dubi motar. "Ke ba za ki je ba sai da shi. Ni kuma gwiwata ba za ta kai ni ba."

Ta ture kan saniyar ta fuskanci ƙofar. Ta shafa inda mariƙi ya kamata ya kasance, ta shafa sama, ta shafa ƙasa.

"Kyalla, ɗan nan naki ta ina ake shigarsa?"

Garzali ya miƙa hannu ya buɗe mata daga ciki. Ta miƙo ƙwarya ya karɓa, ta tattare zani, ta yi bisimilla ta zauna. Zaman ya yi nisa fiye da yadda ta zata. Ta tafi can ƙasa, gwiwoyinta suka taso har kusa da haɓa.

"Innalillahi! Kyalla, wannan kujera ce ko rijiya?"

Ta karɓi ƙwaryarta ta ɗora a kan gwiwa. Garzali ya ciro waya ya kashe ta gaba ɗaya, ya jefa ta inda hularsa take.

Suka kama hanyar fadama a giya ta ɗaya. Kyalla tana tafe a gefen Inna, kanta dab da taga, jifa-jifa ta lashi kujera, in ta kuskure ta lashi mayafi. Wani mai jaki ya wuce su da lodin taki. Wata mata mai ɗauke da itace ta wuce su. Wani dattijo a kan keke ya jera da su, ya gaida Inna, ya tambayi gwiwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya yi jajen maraƙi, ya yi barka da dawowar nono, sannan ya ce a yi masa afuwa yana sauri, ya wuce. Allurar gudu ko motsi ba ta yi ba. Fiffike yana can baya yana aikinsa, ya danne motar a ƙasa kada ta tashi.

Garzali bai taɓa tuƙi da natsuwa irin ta ranar ba. Ta wutsiyar ido yake satar kallonta. Ta shafa gashin kujerar, ta bi ɗinkin Labaran da yatsa, ta kai hannu gaban motar inda ya daɗe yana gogewa, ta ƙwanƙwasa shi kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa. Sannan ta yi magana, ba da shi ba, ba kuma da saniyar ba. Da motar take.

"Kai dai maraƙin nan ka yi sa'ar mai kiwo. Tun yana yin irinku da kara nake kallon hannunsa, ban taɓa ganin ya yi aikin ha'inci ba. Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa."

Garzali ya ce amin a zuci. Hanya ta dushe a idonsa, ga shi babu hula balle ya jawo ta ya rufe fuska. Bai san lokacin da ƙafarsa ta ɗan danna totur ba. Salansa ta yi gurnani, Kyalla ta fara sassarfa, nono ya yi tangal-tangal a ƙwarya.

Inna ta dafe faifai da hannu biyu.

"Kyalla, gaya wa direban nan ya rage gudu. Ina za mu da sauri haka? Ni ban gaji da zaman ba."

Ya rage.